Mutuwar Rahul a Aashiqui 2: sadaukarwa ce, ko ciwo ne da aka bar wa mace ɗaya jinyarsa?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina so mu yi magana a kan Aashiqui 2, fim ɗin Mohit Suri na 2013. Na san kusan kowa a nan ya kalle shi, wani da Indiyancinsa, wani fassarar Hausa. Abin da ke damuna shi ne har yau matasa suna saka hoton Rahul da Aarohi sun lulluɓa da riga ɗaya cikin ruwan sama, suna rubuta wai wannan ce soyayyar gaskiya. Ni ba haka na gani ba. Na ga mawaƙin da giya ta ci ƙarfinsa tun farkon fim, tun wasan nan na Goa da ya bar waƙa ya hau dambe. Kowa na kusa da shi ya san halin da yake ciki. Fim ɗin ya ɗauki maganin kacokan ya ɗora a kan yarinyar da ya tsinto tana waƙa a mashaya. Da abin ya gagara, ya kashe kansa, aka sa mana kiɗa mai daɗi, aka ce ya yi ne don ta ɗaukaka. Wannan ƙarshen ban yarda da shi ba. Me kuka gani?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, ka ɗan yi wa fim ɗin adalci mana. Ai bai ɓoye munin giyar ba. An nuna shi yana fashe-fashe, yana daka mata tsawa, ya lakaɗa wa ɗan jarida duka a bayan dandamali har aka rufe shi, ita ta je ta yi belinsa. Wace yarinya ce za ta kalli wannan ta ce tana son miji irinsa? Kuma abin da na fi yaba wa fim ɗin shi ne bai yi mana ƙaryar da finafinan Indiya suka saba ba, wato jaruma ta yi kuka, a yi waƙa ɗaya, jarumi ya shiryu. A nan ta yi kukan, ta ajiye aikinta, ta zauna da shi, duk da haka bai daina ba.

Abban Sadiq:
Haka ne Maman Khalifa, wannan na ba ki. Amma duba abin da ya biyo baya. Ya ji tana gaya wa Saigal, mai kamfanin waƙar, cewa za ta bar waƙa saboda shi. Washegari ya yi mata sallama da fara'a, ya ce zai gyara halinsa, ya fita bai dawo ba. Daga nan fim ɗin bai ƙara tambayar komai ba. Ta koma waƙa, ta cika fili, ta sa hannu a littafin ɗaya daga cikin masu son waƙarta da sunansa haɗe da nata. Mai kallo zai tashi da cewa lissafinsa ya fita daidai: ya mutu, ta ci gaba. Wanda yake cikin irin wannan ƙunci ya kalla, me kike ganin zai ɗauka?

Baba Tanko:
Ku bari tsoho ya sa baki. Wannan labarin ya girme ku duka. A Amurka aka fara yin sa a 1937, sunansa A Star Is Born, aka sake a 1954, aka sake a 1976, aka kuma sake a 2018 da Bradley Cooper da Lady Gaga. Kowane karo miji mashayi ne tauraronsa na dusashewa, matar na haskawa, kuma kowane karo sai ya mutu. Amma mu da muka yi zamanin sinimar Plaza da Marhaba a Kano mun san wani daban, Abhimaan na 1973, Amitabh da Jaya. Shi ma mawaƙi ne babba, ya auro 'yar ƙauye mai murya, mutane suka fi son muryarta, masu shirya fim suka koma nemanta su bar shi zaune. Ciwonsa kishi ne da girman kai. Ta koma gidan ubanta, ta yi ɓari, ta daina magana da kowa. Shi kuma dole ya sauke kai ya je ya ɗauko ta, suka tsaya gaban jama'a suka yi waƙa tare. Ba wanda ya mutu. A ganina wannan ya fi wuya, domin sai da ya rayu ya kalli ɓarnar da ya yi ido da ido. Rahul ɗinku guduwa ya yi ya bar yarinya da gawa.

Ummi 'Yar Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kalmar nan ta ƙarshe ita nake nema tun ɗazu. Kowa yana maganar Rahul, ba mai tambayar Aarohi. Yarinya ce 'yar talakawa, gidansu da waƙarta ake ci. Mahaifiyarta ta hana ta komawa gidansa, ta ƙi ji, ba aure ba komai. Ta zama mai jinya, mai share amai, mai ba mutane haƙuri, mai biyan beli. Kuma duk shawarar da ta shafi rayuwarta shi yake yankewa. Shi ya ce za ta zama tauraruwa. Shi ya ce ta koma aiki. Da ta zaɓi barin waƙa da bakinta, sai ya yanke shawarar da ba a warware ta, don kada zaɓinta ya tabbata. Ko bayan mutuwarsa da ta ce ta haƙura da waƙa, abokinsa Vivek ne ya zo ya ce mata ai burin marigayi ke nan. To ita yaushe aka tambaye ta?

Sani Lambawan:
Haba Anti Ummi. Ba don shi ba ai da tana nan tana waƙa a mashaya har tsufa. Mutum ya ɗauke ki daga ƙasa ya kai ki sama, ya ga ya zame miki kaya, ya janye jikinsa. In wannan ba so ba ne mene ne so?

Ummi 'Yar Damagaram:
Ƙanena, janye jiki shi ne ya tafi asibiti ya ce kada ki neme ni sai na warke. Wannan da ya yi, har ta mutu za ta riƙa tambayar kanta ko maganar da ta gaya wa Saigal ce ta kashe shi. Ka taɓa zama da wanda ɗan gidansu ya yi haka? Ni na zauna. Shekaru sun wuce, uwar har yau in an buga ƙofa da dare sai ta zabura.

Malam Habu:
Sani, ka yi hattara da wannan magana. Allah ya ce kada ku kashe kanku, lallai Allah mai jinƙai ne a gare ku, a Suratun Nisa'i aya ta 29. Rai ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi. Ba ina cewa a zagi wanda ya faɗa cikin wannan ba, galibi ciwo ne ya rufe masa ido, addu'a da tausayi ya kamata. Amma a kira abin so, a koya wa yara haka, wannan kam a'a.

Ɗan Sutudiyo:
Ni ta wani gefe zan shigo, domin a ɗakin ɗaukar waƙa nake cin abinci. Abin da fim ɗin ya taɓa bai zurfafa ba shi ne mutanen da ke zagaye da mawaƙi. Ku tuna lokacin da aka yi wa Rahul duka yana kwance a asibiti, Aarohi tana ta kira, Vivek ya ɓoye masa. Me ya sa? Don yana ganin yarinyar za ta ɗauke hankalin oga daga harka. Mai tace wa mutum kiran waya ai yana da ikon da zai tace masa kwalba. Amma kwalbar ba ta hana kuɗi shigowa da farko, ita yarinyar ce ake tsoro.

Bari in ba ku abin da na gani da idona, ba zan kama suna ba. Akwai wani mawaƙi da tauraronsa ya haska sosai, biki uku a dare ɗaya. Sai bayan isha'i yake zuwa ɗaukar murya. Mu tada janareto, ya shiga ɗakin gilashi ya sa abin ji a kunne, yaransa su cika kujeru har ƙasa. Baiti biyu sai muryar ta shaƙe. Sai ka ga ya ɗaga yatsa, yaro ɗaya ya fita ya dawo da robar lemo wadda launinta ya canza. Ya kurɓa, ya zauna jim, harshe ya yi nauyi. Inda ya kauce wa kiɗa ni nake gyarawa da kwamfuta, in ja nan in ɗaga can, da safe waƙa ta fita tas, masoya suna ta yabo. A ɗakin nan akwai direbansa, akwai mai riƙe masa waya, akwai ƙanin matarsa. Ba wanda ya ce uffan, kowa kuɗin cefanensa a aljihun mutumin yake. Da muryar ta tafi gaba ɗaya, masu biki suka koma wa wani sabon yaro, mutanen nan ɗaya bayan ɗaya suka bi sabon. Mahaifiyarsa ce da wata yayarsa suka rage.

Maman Khalifa:
Innalillahi. Yana raye?

Ɗan Sutudiyo:
Yana raye Hajiya, alhamdu lillahi, ya samu sauƙi. Amma bai koma waƙa ba.

Injiniya Musa:
Ni fa ban yarda a ɗora wa shahara laifi ba. Ku dubi mutanen da suka yi fim ɗin kansa. Arijit Singh ya shiga gasar waƙa ta talabijin, Fame Gurukul, a 2005 bai ci ba. Ya yi shekaru yana aiki a bayan fage, sai waƙar Tum Hi Ho ta wannan fim ɗin ta ɗaga shi, har ya ci kyautar Filmfare. Ya zama muryar da ta fi kowace tashe a Indiya, amma an san shi da zama a garinsu Jiaganj a Bengal ta Yamma, rayuwa mai sauƙi. Ita ma Shraddha Kapoor, 'yar Shakti Kapoor mugun nan da muka sani, finafinanta biyu na farko ba su yi kasuwa ba, wannan ne ya fito da ita, kuma ga ta nan lafiya lau. Shahara ba ta zuba wa kowa giya a baki. Wanda ya shigo da rauni, ita dai tana faɗaɗa masa shi. Rahul ai ko mahaifinsa ba ma gani, sai murya a waya daga ƙasar waje. Kaɗaici ne ciwonsa tun asali.

Ɗan Sutudiyo:
Injiniya, na ji, amma ba giya ce kaɗai kuɗin da ake biya ba. A cikin mawaƙan wannan fim ɗin akwai KK. Ranar 31 ga Mayu 2022 ya yi wasa a zauren Nazrul Mancha a Kolkata, wuri ya cika maƙil, an ga bidiyonsa yana ta share gumi yana ci gaba da waƙa. Ya gama, ya koma otal, ya faɗi, zuciya ta tsaya. Shekararsa 53. Mawaƙi in ya hau dandamali ba shi da damar cewa jikina ba daɗi, domin an sayar da tikiti, an karɓi kuɗi, dubban mutane suna ihu. Haka Avicii, yaron Suwidin mai haɗa kiɗa, ya daina yawon wasa a 2016 saboda lafiyarsa, ya rasu a Maskat a 2018 yana da shekara 28. Amy Winehouse giya ce ta kashe ta a Landan a 2011 tana da 27, kuma wata ɗaya kafin nan an fito da ita dandamali a Belgrade ko tsayuwa ba ta iya yi sosai, jama'a suna mata ihu. Wa ya hau da ita? Ai ba ita kaɗai ta kai kanta ba.

Injiniya Musa:
Wannan na Amy kam gaskiya ne, akwai alhaki a wuyan masu shirya wasan. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mutum yana da zaɓi. Zaira Wasim ta yi Dangal, ta yi Secret Superstar, tana kan ganiyarta ta sanar a 2019 cewa ta bar fim don yana taɓa mata imani. Shekararta 18 lokacin. An yi mata ca, ba ta dawo ba.

Baba Tanko:
Ku ƙara da wannan. Aashiqui na farko, na 1990, Mahesh Bhatt ne ya ba da umarni, Gulshan Kumar mai kamfanin T-Series ya zuba kuɗi. Kaset ɗin fim ɗin har nan sai da ya cika shaguna. A 1997 aka harbe Gulshan Kumar a bakin wurin bautarsu a Mumbai da rana tsaka. Ɗansa Bhushan ne ya gaji kamfanin, kuma yana cikin waɗanda suka shirya na biyun. Wato masu fim ɗin sun san abin da harkar ke ci, a gidansu aka yi. Shi ya sa nake jin haushin da suka zaɓi ƙarshe mai sa kuka da sayar da waƙa.

Anti Nas:
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba, sai da Injiniya ya ce zaɓi. Ɗan'uwa, akwai zaɓi a kurɓar farko, ban musa ba. Amma wanda ya kai matakin Rahul, jikinsa ne ya riga ya saba, kuma wannan ciwo ne da likitoci suka sani suke kuma magani. Abin da ya fi tayar min da hankali a fim ɗin shi ne yadda aka nuna mace ita kaɗai tana ƙoƙarin raba shi da kwalba da lallashi. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, in ya yanke lokaci ɗaya ba tare da likita ba, yana iya mutuwa. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara karkarwa, gumi, amai, zuciya na bugawa da sauri. Wasu su yi jijjiga kamar masu farfaɗiya. Kwana na biyu zuwa na huɗu shi ne mai hatsari, mutum ya rikice, ya daina gane mutane, yana ganin abin da babu.

Na taɓa kwana a kan wani bawan Allah da aka kawo mana asibiti a wannan hali. Kofin ruwa ya kasa kaiwa baki, rabi ya zube a ƙirjinsa. Yana ta kakkaɓe zanin gado wai ƙwari suna hawa jikinsa. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da goyo, tana maimaita mana cewa ita ce ta zubar da kwalaben duka don ta taimake shi. Da niyya mai kyau ta yi, amma saura kaɗan ta rasa shi. Da allurai da ƙarin ruwa da sa ido ya farfaɗo, daga baya aka shiga zaman ba da shawara na watanni. So yana da amfani ƙwarai, shi ke sa mutum ya dawo asibiti ranar da aka ce ya dawo. Amma ba ya maye gurbin magani.

Abban Sadiq:
Allah ya saka da alheri Anti. Na 2018 ɗin da Baba ya ambata ma ya ɗan fi a nan, domin an kai mawaƙin gidan gyaran masu shaye-shaye, ya fito da sauƙi. Sai manajan matar ya zauna da shi ya gaya masa cewa shi ne ke ja mata baya, kuma ko ba daɗe ko ba jima zai koma ruwa. Bayan wannan maganar ce ya kashe kansa. Aƙalla can an nuna cewa magana ɗaya daga bakin mai neman riba tana iya rusa watannin jinya.

Maman Khalifa:
To amma ni har yanzu ina ganin ku kuna neman fim ya zama darasin asibiti. Labari ne na baƙin ciki, kuma irinsa yana faruwa. In an ce kowane fim sai ya ƙare da shiriya, ai mun koma wa'azi.

Ummi 'Yar Damagaram:
Yaya, ba mu ce kada ya mutu ba. A bar shi ya mutu in labarin ya kai can. Amma a nuna mana Aarohi wata shida bayan nan, ba barci, tana jin haushinsa tana kuma kewarsa, tana hawa dandamali don kwantiragi ya ɗaure ta. A nuna Vivek da Saigal suna tambayar kansu inda suka yi sakaci. Wannan ma ai baƙin ciki ne, kuma ya fi kama da abin da ke faruwa a gidajen mutane.

Sani Lambawan:
Anti Nas, yi haƙuri zan ɗan kauce. Wannan da kika faɗa, har da mai shan sirof da ƙwaya? Akwai wani ɗan'uwanmu, ba mawaƙi ba ne, amma tun lokacin da kodin ya yi yawa ya faɗa. Ko da gwamnati ta hana shi a 2018 sai ya koma tiramol. Gida an yanke shawara a kulle shi a ɗaki sati biyu har abin ya fita daga jikinsa.

Anti Nas:
Don Allah Sani kada ku kulle shi, kada kuma a sa masa mari ko a kai shi inda ake duka. Tiramol yana sa jijjiga, kuma mai daina shi yana shiga ciwon jiki, gudawa, rashin barci da ƙunci mai tsanani, a nan ne wasu ke tunanin hallaka kansu. Ga shi ba ku san ko yana haɗawa da wasu ƙwayoyin barci ba, waɗanda yanke su kai tsaye yake da hatsari. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. In kuna Kano akwai na Dawanau da sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano, in Kaduna ne akwai na tarayya a Barnawa, akwai kuma a Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Ku tafi da fakitin duk abin da kuka san yana sha, likita zai so ya gani. Mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya raka shi, kada a taru a kansa kamar an kama ɓarawo. Kuma in ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa ko ya zame muku kaya, ku gaya wa likitan a ranar farko, kada a bar shi shi kaɗai.

Sani Lambawan:
Ya taɓa faɗin haka wa mahaifiyarmu, mun ɗauka maye ne. A Kano muke. Zan yi wa babban yayanmu magana yau da dare, in Allah ya yarda ranar Litinin mu kai shi.

Anti Nas:
Kada ku jira Litinin tunda ya furta. Sashen gaggawa ba ya rufewa, ku tafi gobe da safe. Ka turo min saƙo ta akwati in gaya maka abin da za ku riƙe.